Zauren Hajiya, rigar Kaka da tafiyar Zariya

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san gini. Gidan surukaina ne a Tudun Wadan Kaduna, tsohon gida tun lokacin da marigayi yake aikin masaƙa a Kakuri. 'Ya'ya sun haɗa kuɗi za a gyara, sai rigima ta tashi a kan zaure. Ƙannen maigidana sun ce a rushe shi a fitar da shaguna biyu a bakin titi, a sa babban get mota ta riƙa shiga. Hajiya ta ce muddin tana numfashi ba mai taɓa mata zauren nan. Baban su Hanifa shi ne babba, ya rasa bayan wa zai bi, kullum da daddare ni ake sauke wa ƙorafi.

Abban Ummi: Wa alaikumus salam Anti. Ai tunda Hajiya ta yi magana an gama. Wa zai ja da uwa a kan bulo?

Auta na Kinkinau: Yaya Abban Ummi, a yi haƙuri, ba a gama ba. Ku shiga zaurukan Tudun Wada da Unguwar Sanusi yau ku gani me ke ciki. Babur ne, da tsohon firji, sai akuya in an yi ruwa. Shago biyu a bakin titi zai saya wa Hajiyar magani ya biya kuɗin wuta duk wata. Ita ce ma za ta fi kowa cin moriya.

Injiniya: Maman Hanifa, kafin a kai ga zaure ina da tambaya. An hau sama an duba rufin? An duba gindin bango? Na ga gidaje da yawa a cikin garin nan da aka fara da silin POP da tayil da fenti, saboda su ne abin da baƙo ke gani, ruwan Agusta na sauka silin ya kumbura ya rufto. Tsarin da nake ba mutane shi ne a fara da kwano da katakon da ke ɗauke da shi, a ga ko gara ta ci. Sai danshi. Sai wayar wuta da bututun ruwa, tun bango bai sha filasta ba. Fenti shi ne na ƙarshe.

Maganar danshi ita ce babba a tsofaffin unguwanni. Da aka gina gidajen nan, tsakar gida ta fi titi tudu. Shekara da shekaru ana zuba ƙasa, ana kwalta, ana ɗaga kwalbati, yanzu titi ya fi gida tudu, ruwa kuma gangare yake bi. Shi ya sa za ki ga fenti yana ɓarewa daga ƙasa zuwa wajen gwiwa, da wani farin gishiri a jiki. In aka liƙa tayil a kai an ɓoye ciwon ne kawai, danshin zai hau ya fito ta sama da tayil ɗin. Sai an nema wa ruwa hanyar fita tukuna.

Sannan bangon zaure a irin waɗannan gidaje sau da yawa shi ke riƙe da rufin ɗakin da ke jikinsa. Wani ma tubali ne a ciki, siminti ne kawai aka shafa a waje. Birkila ya sa guduma ba tare da an tokare ba, sai dai a ji salati. Kuma in shago za a fitar, a fara zuwa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, a nemi izini, a kuma tabbatar takardun gidan suna daidai a KADGIS, hukumar rajistar filaye, tunda gidan gado ne mai magada da yawa.

Maman Hanifa: Injiniya Allah ya saka da alheri. Wallahi abin da ka faɗa na fenti haka yake a ɗakin Hajiya, har ƙasan gadonta. Su kuwa samarin har sun je kasuwar Panteka sun tambayo kuɗin get.

Injiniya: Get ba ya gudu. Ƙarin abu ɗaya: in aikin ya faɗo cikin hunturu, a sa yaro ya riƙa yayyafa wa filasta ruwa safe da yamma na kamar mako guda. Iskar hunturu tana shanye ruwan siminti kafin ya kama, sai bango ya yi ta tsattsagewa. Siminti sai ya yi wajen kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika. Kuma banɗakin Hajiya kada a sa tayil mai santsi, a sa mai kaushi, a kafa ƙarfen dafawa a bango.

Gwaggon Yara: Auta, zo nan ɗana. Kai da ka ce babur ne a zaure, ranar da aka yi rasuwa a gidanku ina maza suka zauna? Ranar ɗaurin auren yayarka ina aka shimfiɗa tabarma aka raba goro? Baƙo namiji ya yi sallama, a zaure yake tsayawa, matan gida suna tsakar gida da ɗaurin ƙirji ba wanda ya gan su. Ku yanzu kun yi falo a tsakiyar gida, mai gyaran famfo ma sai ya ratsa ta gaban kicin, mace tana tuƙa tuwo sai ta tashi da gudu neman hijabi. Ita Hajiyar da kuke gani ba bulo take karewa ba. A nan mijinta yake zama bayan la'asar, a nan aka sa yaran nan karatun allo, su masu son rushewar.

Auta na Kinkinau: Gwaggo Allah ya ƙara girma, ban musa ba. Amma rasuwa da ɗaurin aure yanzu ai rumfa ake kafawa a titi da kujerun roba. Kuma ki duba kuɗin kaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10. Gidan da ba ya kawo ko sisi, da me za a riƙa gyara shi?

Gwaggon Yara: Rumfar da kuke tare wa mutane hanya da ita, mai jinya ya rasa ta inda zai wuce? Kar ka sa ni magana.

Abban Ummi: Ni a ganina a raba gardama. Zaure ya zauna, a fasa katanga ta gefe a fitar da shago ɗaya. Mota kuwa ta kwana a gidan mai kamar yadda ta saba.

Ɗan Birni: Ku 'yan Kaduna garinku jiya-jiya aka kafa shi, a 2017 kuka yi bikin cika shekara 100, shi ya sa rushe gini ba ya yi muku ciwo. Ku zo birnin Zariya ku ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina da ƙasa tun wajen shekarun 1830. Da aka zo faɗaɗa shi, ginin zamani aka yi aka lulluɓe tsohon a ciki, bakan gizon nan nasa na ƙasa suna nan. Ku kuwa otal ɗin Durbar da aka gina saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na 1977, yana tsakiyar gari ya zama kango shekara da shekaru, a 2020 aka baje shi.

Auta na Kinkinau: An fara. Bazazzagi ba ya magana uku bai ambaci birni ba.

Maman Hanifa: Ɗan Birni ka tuna min wani abu. Da ake kwashe kayan ɗakin marigayi saboda masu aiki, an ciro wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado. A ciki akwai babbar riga mai nauyi, launin ƙasa-ƙasa, aikin wuyanta ya sauko har ciki, da alkyabba baƙa mai zare ruwan zinariya a baki, da rawani. Hajiya ta ce na mahaifin marigayi ne, ya riƙe sarauta a ƙauyensu a ƙasar Zazzau. Asu ya ɗan taɓa alkyabbar ta kafaɗa. Ɗaya daga cikin samarin har ya ce a haɗa da tsofaffin labule a bayar.

Malam Tela, Kasuwar Barci: Innalillahi. Maman Hanifa don Allah ki ɗauki hoton wuyan rigar ki turo, kuma kada kowa ya kai ta wurin mai wanki.

Maman Hanifa: Ga shi na tura.

Malam Tela, Kasuwar Barci: Aska takwas ce, aikin hannu. Ki ƙirga tsinayen nan masu kama da wuƙa da suka sauko, biyu a gefen wuya, sauran a kan aljihu. Yadin kuma tsamiya ne, ki duba da kyau za ki ga ƙyalle-ƙyalle ne sirara aka saƙa aka haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Zaren daga wata tsutsa ake samunsa da ke yin gida a jikin itace, shi ya sa launinsa yake haka, ba rini ba ne. Riga irin wannan hannu da yawa take bi: mai kaɗi, masaƙi, mai haɗawa, mai zana aikin, mai ɗinkin da zai yi watanni a kai, sannan masu bugu su ɗora ta a kan gungume su yi ta dukanta har ta kwanta ta yi sheƙi. Mu yanzu keken kwamfuta muke sa wa shadda, kafin la'asar an gama wuya. Yana da kyau a ido, ina ci da shi, amma in aka ajiye su gefe da gefe ko yaro ya san bambanci.

Kada a sa mata omo, kada a jiƙa. A shanya a inuwa ta sha iska, a kakkaɓe, a naɗe cikin farin ƙyalle da kafur. Alkyabbar kuma tana gyaruwa, ana yi mata ƙari daga ciki a bi da zare mai kama. A cikin birnin Zariya akwai masu wannan aikin, har mata a cikin gidaje suna ɗinkin hannu.

Anti Malama: Abin da ke ba ni mamaki, mu ne muke ganin tsohon kaya abin kunya ne. Da aka naɗa Sarki Charles na Ingila ranar 6 ga Mayun 2023, rigar zinariyar da aka sa masa an ɗinka ta ne tun 1911 saboda Sarki George na biyar, mayafin da aka yafa masa a kan rigar kuma tun na 1821 ne. Mutanen da ba kuɗin sabo suka rasa ba. Jikar Sarauniya Elizabeth ma, Beatrice, da tsohuwar rigar kakarta aka ɗaura mata aure a 2020, gyara kawai aka yi mata. Mu kuwa anko ɗaya ba a sa shi biki biyu.

Auta na Kinkinau: Anti su ai suna da ɗakin ajiya da ma'aikata masu kula da kayan. Mu adaka ce a ƙarƙashin gado da asu.

Anti Malama: Adakar ce dai ta kawo rigar har yau, Auta.

Ɗan Birni: Tunda an zo fagena bari in yi magana. Abin da ke damuna ba tsufan kaya ba ne, yadda aka mayar da kayan sarauta kayan hoto. Yaro zai yi aure, sai ya yi hayar alkyabba, a naɗa masa rawani har da kunne biyu, a ba shi sanda, abokai suna ranka ya daɗe. Rawani mai kunne biyu a Zazzau da Kano na jinin sarauta ne, mutum yana hango shi daga nesa ya san daga gidan da mai shi ya fito. Naɗin malami daban, na hakimi daban, na attajiri daban. Alkyabba kuma sarki ne ke yafa wa mutum ranar da ya naɗa shi. A Zazzau gidajen sarauta huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma mutanen birni sun san 'ya'yan kowane gida. Marigayi Sarki Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan karaga, daga 1975 zuwa 2020, Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli ya gaje shi daga gidan Mallawa. Ka je ka tsaya a ƙofar fada ranar hawa da rawanin haya mai kunne biyu ka ga irin kallon da dogarai za su yi maka.

Gwaggon Yara: Amare fa? Yanzu kowace amarya sai an lulluɓa mata alkyabba ranar kai ta. A da 'ya'yan sarakuna muka sani da wannan.

Malam Tela, Kasuwar Barci: Gwaggo a nan kam zan kare kasuwata. Ba don amare da angwayen nan ba, da masu ɗinka alkyabba sun koma acaɓa. Hakimai nawa ake naɗawa a shekara? Masaƙun Kakuri sun mutu, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, shaddar da muke yankawa daga waje take zuwa, Getzner daga Ostiriya, mai sauƙin kuɗi daga Sin. Ɗan abin da ya rage a hannunmu shi ne ɗinkin. In yaro ya sa alkyabba ya ji daɗi ranar aurensa, ni ban ga laifi ba. Kunne biyun ne dai na yarda a bar wa masu shi.

Ɗan Birni: To Malam, a kan kunne biyu mun daidaita. Sauran na bar ka da cinikinka.

Anti Malama: Ɗan Birni, kai da ka ce garinmu na jiya ne, ka manta a Kaduna aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, sarakunan Arewa suka taru da dawakansu. Na FESTAC ma a nan aka yi. Mahaifina yana ba da labarin 'yan lifidi da masu sulke har ya rasu.

Ɗan Birni: Fili kuka bayar Anti, dawakin namu ne.

Maman Hanifa: Kun sa ni dariya ni kaɗai a kicin. Na karanta wa Baban su Hanifa bayanin Injiniya da na Malam Tela. Ya ce gobe zai sa kafinta ya hau rufi, maganar shago kuma a jingine sai an ga abin da kwano ya ci. Rigar zai kai Zariya da kansa.

Abban Ummi: In zai kai ta Zariya don Allah ya tafi shi kaɗai, kada a ce za a yi tafiyar iyali. Mu da muka je kallon Hawan Daushe da ƙaramar sallah, mota biyu muka yi, tawa da ta yayana. Tun a gadar Kawo aka fara musayar yara, wannan yana son motar da ke da kiɗa, wancan yana son inda ake rabon cincin. Muka tsaya a wani gidan mai wajen Jaji aka yi sallah aka sha ruwa. Inna, kakar yaran, daga Kaduna a motar Yaya take, amma a gidan man ta ce ƙafarta ta ƙage, za ta dawo tawa ta miƙe. Matar Yaya ta ji wannan magana, ni ban ji ba. Inna ta koma masallacin mata tana lazimi. Yaya ya tashi yana ganin tana wurina, ni kuma na bi bayansa.

Sai da muka wuce Gwargwaje muka tsaya wajen Ƙofar Doka, Yaya ya leƙo ya ce Inna ta fito ta sha iska. Na ce wace Innar? Aka kira wayarta, sai ga ta tana ƙara a cikin jakarta a kujerar baya.

Gwaggon Yara: La ilaha illallahu! Kuka bar tsohuwa a hanya?

Abban Ummi: Gwaggo ban taɓa ganin Yaya ya yi tuƙi irin na ranar ba. Muka same ta a gindin bishiya wurin wata mai fura, an ba ta kujera, har an dama mata. Ba ta ce mana komai ba. Ta shanye furarta, ta ce a biya yarinya, ta shiga gaba ta zauna. Har muka koma Zariya ba wanda ya yi tari. Hawan kuwa mun tarar da bayan dawaki, sai ƙarar bindigogi muka ji daga nesa. Har yau in an ce za a yi tafiya sai ta ce a fara ƙirga ta kafin kuloli.

Malam Tela, Kasuwar Barci: Kuloli ai su ne abokan gabar kaya. Wani mai kawo ɗinki wurina za a naɗa wansa sarauta, na yi masa farar shadda 'yar ciki da babbar riga, aka kai bugu aka kawo tana ɗaukar ido. Matan gida suka sa ta a but, suka ɗora kular miyar taushe a kai. Ramin farko bayan Mararrabar Jos murfi ya buɗe. Da asuba ya kira ni kamar zai yi kuka, wai ko ina da wata riga ko ta wani ce. Rigar wani ango na ba shi aro, ya dawo da ita kafin mai ita ya zo karɓa.

Auta na Kinkinau: Malam Tela, ashe haka kuke yi da kayanmu.

Malam Tela, Kasuwar Barci: Na gaya wa angon, ya ce ai albarka ce rigarsa ta riga shi shiga fada.

Anti Malama: Namu a jirgin ƙasa ne. Tun da aka buɗe layin Abuja a 2016 maigidana ba ya son bin hanyar mota, ko bayan harin watan Maris na 2022 da aka dakatar da jirgin, yana dawowa aiki a Disamba muka koma. Za mu biki Abuja da yara da ƙanwar maigida, muka hau a Rigasa. An ce wanda zai ɗauke mu yana jira a Idu. Jirgi na tsayawa a Kubwa ƙanwar ta ga mutane suna ta sauka, ta ɗauki akwatin anko da ƙaramin yaro ta bi su, mu muna wani tarago. Muka isa Idu ba ita, ba yaro, ba kayan da za mu sa. Ita tana can tana faɗa a waya wai mun ɓace mata. Da kayan jikinmu muka shiga wurin kamu, dangin ango suna ta kallonmu.

Abban Ummi: Ni da nake Rigasa kullum sai na ga irin wannan. Masu zuwa Abuja su riƙa tambayar mai ɗaukarsu tun daga gida, Kubwa ko Idu, don tsakaninsu akwai tafiya. Kuma sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katin shaida, kada a saya da sunan maigida a ba ƙanensa.

Ɗan Birni: Masu niyyar zuwa hawa da babbar sallah kuma, ku baro Kaduna da hantsi, kada ku jira azahar. Ku ajiye mota nesa da fada ku taka da ƙafa, don in dawaki suka fara shigowa ba mai matsa muku. Yara a riƙe hannunsu, kada a tsaya a bakin hanya lokacin da mahaya ke sukuwar jafi. Wanda ke son wurin zama a inuwa ya yi min magana ta gefe tun da sauran kwanaki.

Gwaggon Yara: Ka ajiye min wuri biyu, ni da jikata. Kuma ba a motar Abban Ummi zan zo ba.